Shanun da ba su da tozo

Babbar 'yata ce ta jawo tafiyar. Ran da aka ba su hutun zango na ɗaya ta dawo gida da magana a bakinta, wai malaminsu ya ce akwai zanen shanu a jikin duwatsun Birnin Kudu, aikin mutanen da can can. Ta tambaye ni ko na taɓa gani. Na yi shiru. Na bi hanyar nan ba adadi, zuwa biki, zuwa ta'aziyya, zuwa dubiya a asibitin tarayya da ke garin, kullum ina hango duwatsun ta tagar mota, amma ban taɓa sanin suna ɓoye da wani abu ba bayan ƙadangaru da awaki.

Da daddare muna cin tuwo a zaure na ba Kawu labari. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya haura shekara arba'in yana dillancin shanu a karar Wudil. Ya ajiye lomar da ya yanko, ya ce, "Shanu a jikin dutse? Wane iri?" Babu wanda ya iya ba shi amsa. Ya ce to da shi za a je.

Zaɓen rana shi ne aiki na farko. Juma'a ba ta taso ba, ranar kasuwar Wudil ce, ko da wuƙa a wuya Kawu ba zai bar kara ba. Alhamis kuma Darki ke ci, kasuwar na cika har bakin titi, mota ta yi ta jan ciki. Asabar da Lahadi na ji tsoron kada mu tarar da ofis a rufe, domin wani abokina da ya yi aiki a garin ya gargaɗe ni kada mu kama hanyar dutse da kanmu. Ya ce wuraren a warwatse suke, kuma suna hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, sai an fara zuwa wurinsu an nemi ɗan rakiya. Muka tsayar da Talata.

Kayanmu ba yawa: gorar ruwa uku, dabino, gyaɗa soyayya, malafar Kawu da sandarsa. Maiɗakina ce ta yi tunanin da ni ban yi ba. Ta hana yarinyar sa dogon hijabinta mai jan ƙasa, ta ba ta wanda ya tsaya a gwiwa, da wando mai kauri a ciki da takalmi sau-ciki mai ƙasan roba. Daga baya na gane hikimar wannan, don dogon hijabi a kan dutse shi ne zai fara harɗe ƙafa. Ni na je da takalmin fata na zuwa aiki, kuma ban ji daɗinsa ba.

Bayan sallar asuba 'yan acaɓa biyu suka kai mu Wudil daga ƙauyenmu, sanyin hunturu na yankan kunne. A tasha muka karya da koko da ƙosai a tsaye, muna jiran lodi. Motar Sharon ce. Yadda ake yi, mutum biyu a gaba, sauran a cusa su baya. Gwiwar Kawu ta dama ba ta son lanƙwasa mai tsawo, saboda haka na biya kuɗin mutum biyu na kama masa gaba shi kaɗai. Ɗan kamasho ya ji daɗin haka, lodinsa ya ragu da mutum ɗaya, amma duk da haka sai da muka yi kusan awa guda muna jiran cikon na ƙarshe. Rana ta fito jajir cikin hazo kafin direba ya ta da mota.

Hanya ce da na sani, amma ranar da wani ido na kalle ta. An gama yankan gero tuni, dawa ma an kwashe, sai kara a jingine da kututture a fili. Gawo ne kaɗai ke ta sabon ganye, shi da ke tuɓewa da damina ya yi ado da rani, ƙarƙashinsa kuwa garken Fulani na kiwon tattaka. Kawu bai bar garke ɗaya ya wuce ba tare da ya yi masa kuɗi ba. Wancan farin bunajin ya ji kiwo. Wancan rahajin duk ƙaho ne da ƙashi, mahauci zai yi kuka. Direba ya biye masa, har wani fasinja a baya ya shiga musu da shi a kan farashin karsana. Muka wuce Darki ba kasuwa, rumfuna a wofi. Muka wuce Takai. A Kwanar Huguma aka sauke mutum biyu masu neman motar Dutse. Da muka shiga ƙasar Jigawa Kawu ya waiwayo ya ce wa jikarsa, "Amaryata, da ina saurayi duk nan Kano ne. Sai 1991 aka yanka." Haka yake kiranta tun tana goye, ita kuma ta ce masa tsoho.

Wajen ƙarfe tara da rabi muka sauka a Birnin Kudu. Ɗan acaɓa na farko da na tambaya bai san ofishin ba, na biyu ya ce, "Wajen zanen dutse? Ku hau." Aka karɓe mu da mutunci, muka rubuta sunayenmu da garinmu a littafin baƙi, aka haɗa mu da wani magidanci ɗan garin. Ya dubi Kawu, ya dubi sandarsa, ya lissafa mana wuraren: Dutsen Mesa, Dutsen Habude, Dutsen Murufu da wasu. Ya ce, "Baba, ba za mu zaga duka ba yau. Za mu je inda ƙafarka za ta kai." Kawu ya ce ƙafar da ta kora shanu a ƙasa ba ta tsoron tudu. Malamin ya yi murmushi, ya karɓi gorar ruwa ɗaya daga hannuna, muka kama hanya.

A hanya ne ya ba mu labarin yadda duniya ta san da wurin. A shekarun 1950 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952 kuma ya yi suna a kan gumakan yumɓu na Nok, ya zo ya duba zanen ya rubuta labarinsa. Daga baya gwamnati ta sa wuraren cikin kayan tarihin ƙasa. Amma ya ce mutanen gari sun san duwatsunsu tun kaka da kakanni, Bature dai ya zo da alƙalami ne.

Bari in faɗi gaskiya ga mai niyyar zuwa: duwatsun nan ba su da wani tsawo na a zo a gani. Wahalarsu daban ce. Wanda ya saba da Dala, inda aka yi matakala sai dai ka yi ta ƙirga, zai tarar da wani abu dabam a nan. Manyan curarrun duwatsu ne, wani kan wani, kamar an tara ƙwarya an kifa, tsakaninsu ƙaya da busasshiyar ciyawa da cediya mai tsirowa daga tsaga. Kafin mu kai gindin dutsen ƙarangiya ta gama da bakin wandona. Nan malamin ya tsayar da mu ya ba mu dokoki. Kada a zura hannu cikin tsaga, gidan maciji da kunama ne. Kada a taka baƙin layin da ruwan damina ya bari, ya fi ko'ina santsi. A ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya, ba yatsu kaɗai ba. In an ji ƙugin zuma a yi shiru a wuce, kuma ya tambaya ko wani ya shafa turare mai ƙarfi. Kawu ya tuɓe takalmansa ya rataya a sanda, ya ce dutse ba ya son baƙo tsakaninsa da ƙafa. Bayan na zame sau ɗaya na dafa da tafin hannu har ya kuje, ni ma na tuɓe nawa.

Hawan farko gajere ne. Ina riƙe da hannun Kawu a wurare biyu, malamin na gaba yana nuna inda za a taka, yarinyar kuwa ta riga mu kamar akuya. Muka iso wata inuwa inda wani ƙaton dutse ya rusuno ya yi rumfa. Sanyi a ciki, da ɗan warin jemage. Malamin ya ce, "Ga su nan."

Ban ga komai ba. Dutse ne kawai mai dabbare-dabbare. Na ji wani abu ya faɗi a cikina, na tuna kuɗin mota da sammako da gwiwar dattijo. Malamin ya ce mu zauna, idonmu da rana a ciki, mu ba shi lokaci. Muka zauna a ƙasa. A hankali ja ya fara rabuwa da launin dutsen, ja irin na lalle da ya kwana biyu a hannu. Sai ga layin baya. Sai ga ƙafafu. Sai ga ƙaho dogo ya lanƙwasa sama. 'Yata ce ta fara cewa, "Baba, ga wata a bayanta!" Daga nan suka yi ta fitowa, wata a kan wata, wata ta dushe saura rabin jiki, wata da fari a jikinta.

Kawu ya matsa gaba da jan gindi har ya kusa. Ya daɗe bai ce uffan ba. Kallon da yake yi na sani, shi ne kallon da yake yi wa sa kafin ya buɗe baki ya taya: ya fara daga kai, ya bi gadon baya, ya sauka cinya, ya dawo. Can ya ce, "Ina tozon?"

Na ce wataƙila mai zanen ne bai sa ba, ko ya goge.

Ya girgiza kai. "Ɗan nan, wanda ya yi wannan ya san saniya. Dubi yadda ya sauke mata ciki. Dubi inda ya dasa wutsiya. Dubi ƙafar baya, yadda ta karye a inda take karyewa. Mutumin da ya san wannan ba ya manta tozo. In bai sa ba, babu ne."

Malamin ya tafa hannu sau ɗaya, ya ce shekara da shekaru yana kawo baƙi, sai ya nuna musu da baki suke lura. Ya ce abin da masana suka fi magana a kai ke nan: da yawa cikin shanun nan marasa tozo ne, wasu masu dogon ƙaho, wasu gajere, alhali yau ka zaga karar Wudil tun safe har yamma, bunaji ne da rahaji da bokoloji, kowanne da tozonsa. Shanu marasa tozo su suka riga zama a wannan yanki na Afirka, masu tozo daga baya suka shigo suka mamaye.

Nan Kawu ya buɗe kundinsa. Ya ce ya san marasa tozo iri biyu. Akwai muturu, ya gan su a Kurmi zamanin da yake raka shanu Ibadan, gajeru kamar jaki, ƙaho ɗan mitsitsi, amma tsando ba ya kayar da su, sammoren da ke kashe namu su ko a jikinsu. Akwai kuma kuri na bakin tafkin Cadi, manya, masu ƙaho kumburarre. Ya nuna wata mai gajeren ƙaho da bakin sandarsa daga nesa ya ce wannan ƙanwar muturu ce. Mai dogon ƙahon kuwa ya ce bai taɓa sayar da irinta ba, bai taɓa ganin wanda ya sayar ba. Muryarsa ta yi ƙasa da ya faɗi haka. Ban taɓa jin Kawu ya ce akwai saniyar da bai sani ba sai ranar.

Na ciro waya in ɗauki hoto, zanen ya ƙi fitowa sosai. Na tambayi malamin ko in ɗan yayyafa ruwa launin ya tashi. Ya ce a'a da sauri, ya ce wannan na cikin abin da ke cinye zanen, ruwa da taɓawa da hannu, domin gumi da maiƙon tafi suna zama a jiki. Na mayar da murfin gorar. Da muka fito ya nuna mana wani dutse a gefe inda wasu suka rubuta sunayensu da gawayi, har da lambar shekara. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Wani ya zana dukiyarsa da kulawa, ta tsallake damina da rani da ba a san adadinsu ba, sai ga wani ya zo da guntun gawayi yana neman a san ya zo. Taku kaɗan ne tsakanin rubutun da zanen. Kuma laifin har da mu iyaye, da ba mu taɓa gaya wa yaran menene a wurin ba, don mu ma ba mu tambaya ba.

Wuri na biyu shi ya fi burge yarinyar. Wani falalen dutse ne da ya ɗan ɗagu daga na ƙasansa, gefensa duk ƙananan ramuka masu sulɓi kamar gurbin dara. Malamin ya ɗauki wani dunƙulen dutse ya buga cikin rami ɗaya. Sai ƙara ta tashi, ba irin ta dutse ba, irin ta kuge. Ya buga na kusa da shi, murya ta canza, ta yi sama. Ramukan nan duka bugu ne ya ci su, hannu bayan hannu. Ya ce a da, in za a yi wa yarinya aure a garin, ita da ƙawayenta sukan zo dutse su yi kiɗa da waƙa kafin a kai ta ɗaki. Kawu ya ce, "To amaryata, ga naki, buga mu ji." Ta rufe fuska da hijabi, sannan ta karɓi dutsen. Ta yi ta gwada ramukan ɗaya bayan ɗaya har ta haɗa uku da suka dace, amsa-kuwwa na dawowa daga dutsen da ke fuskantarmu.

Daga nan malamin ya ce in muna so mu hau can ƙoli mu ga gari. Kawu ya ce shi a mayar da shi wurin shanunsa. Muka raka shi rumfar farko, muka bar masa ruwa da dabino, mu uku muka hau.

Wannan hawan ne na gaske. Rana ta take, dutsen ya fara ɗaukar zafi a tafin ƙafa. Akwai wani wuri da hanya ta ƙare, sai falale tsirara mai gangare, ba ciyawa ba abin kamawa. Malamin ya ce kada mu miƙe tsaye kuma kada mu kwanta, mu sunkuya, hannu da ƙafa, ido a kan inda hannu zai sauka, ban da waiwaye. Ya wuce gaba, yarinyar a tsakiya, ni a baya don in ta zame ta faɗo kaina. A tsakiyar falalen na ji ƙirjina na bugawa har kunne, cinyoyina na rawa. Na yi ta maimaita hasbunallahu a zuci ina ƙirga tafin hannuna. Wata rema ta leƙo daga tsaga ta koma. Bai fi minti ashirin da biyar ba duka hawan, amma rigata ta jiƙe sharkaf.

A sama iska ce ta tare mu, busasshiya mai sanyi. Hazo ya hana ganin nesa, amma ga rufin kwanon gari na walƙiya, ga kukoki tsirara, ga layin titin da muka biyo da motoci kamar tururuwa, ga wasu tarin duwatsun can da can a cikin gonaki. Yarinyar ta tambayi malamin ko su ma akwai zane a cikinsu. Ya ce wasu akwai. Muka zauna muka ci gyaɗa, ba mai magana. Muna nan kiran sallar azahar ya taso daga masallatai uku ko huɗu, wani na bin wani.

Saukowa ta fi hawa wuya, wannan kowa ya riƙe. A falalen nan zama muka yi muka riƙa jan jiki, dunduniya na tokarewa, tafin hannu a baya. Wandona ya yage a nan. Mun tarar da Kawu inda muka bar shi, dabinon ko ɗaya bai taɓa ba. Ya share ƙasa a gabansa ya zana saniyar nan mai dogon ƙaho da tsinke, ya goge, ya sake, har sau nawa ban sani ba. Ya ce hannunsa ne ke ta kai tozo da kansa.

Muka koma ofis muka yi godiya, na ba malamin na goro, ya yi ta ƙi sai da Kawu ya sa baki. Shi ne ya kwatanta mana inda za mu ci abinci bayan mun yi salla, wata rumfa a bayan tasha, ya ce direbobi can suke ci. Inda direba ke cin tuwo ba a tambayar ko da daɗi.

Rumfar kara ce da benci biyu da tabarma, tukwane uku a kan murhu, hayaƙin itace na shiga ido. Hajiyar da ke da wurin ta dubi ƙurar jikinmu ta ce, "Sannunku, daga dutse ake?" Ta tura yarinya da buta da sabulu, ta ja 'yata ciki wurin mata. Akwai shinkafa da wake, akwai tuwon shinkafa da taushe, akwai tuwon dawa da miyar kuka. Kawu bai ko saurari sauran ba. Malmala bibbiyu aka kawo mana a kwanon sha da murfi, tuwon sabuwar dawa, ja-ja, mai ɗan tsamin da ke nuna an tuƙa shi da ruwan tsamiya. Miyar ta ji daddawa da busasshen kifi, ba ta yi ruwa ba ba ta yi kauri ba, tana bin loma ba ta tsinkewa. Hajiya ta zo da kanta ta zuba man shanu cokali guda a tsakiya, ya narke ya yi ido. Yaji a gefe cikin murfin kwalba. Ban san ko yunwar dutse ce ba, amma loma ta farko sai da na lumshe ido. Naman kuwa Kawu ya ɗaga yanka ɗaya ya duba, ya tauna, ya ce tsohuwar saniya ce amma an ba ta wuta yadda ya kamata. Hajiya ta ji, ta yi dariya ta ce, "Baba mahauci ne?" Ya ce dillali. Ta ƙara masa yanka biyu ta ce kyauta. Muka ƙara malmala ɗaya muka raba. A bakin rumfar wata Bafillatana ta dama mana fura da kindirmo a ƙwarya ɗaya, ludayi biyu, 'yata kuma aka dama mata tata a ciki. Abin da na biya duka, mu uku, bai kai kuɗin kujerar Kawu ta gaba ba.

La'asar sakaliya muka samu mota. Yarinyar ta yi barci a kafaɗata tun kafin mu fita gari. A Wudil na sayi soyayyen kifi a bakin gada na tsaraba, muka isa gida ana kiran isha'i. Kwana biyu cinyoyina na ciwo, gwiwar Kawu kuwa sai da aka gasa ta da ruwan zafi aka shafa man zafi.

Ran Juma'a ina gida da hantsi sai ga yaron Kawu a kan babur, wai in zo kara da wayata yanzu-yanzu. Na tarar da shi a rumfarsu, dillalai biyar ko shida sun kewaye shi, musu ya kaure. Ɗaya na cewa saniya mai dogon ƙaho ba tozo a ƙasar Hausa, sai dai in mai zanen yaro ne. Na buɗe hoton, suka karɓa suna miƙa wa juna, suna karkata wayar don kauce wa rana. Jan ya dushe a gilashi, ƙahon kaɗai ake gani sosai. Wani ya ce shi bai ga komai ba. Kawu ya karɓe wayar ya miƙo mini, ya ce ai shi ma da farko bai gani ba, sai an zauna a inuwar. Ya juya ya ƙirga su da baki, ya ce mutum shida, da shi bakwai, Sharon ɗaya ta ishe su. Sannan ya ce in kira malamin nan in tambaye shi ko Talata mai zuwa yana nan.